Bishiyar Dabinon da Tsoho Ya Ba Ni

Ƙanin matata ne ya sa aka tuge min bishiyar dabino. Wani ne dai ya tuƙa katafilar, wani kuma ya ba da umarni, amma ni a wurina shi ne ya yi. Na aike shi ya faɗi magana guda a gaban mutane, ya shiga ya fito bai faɗa ba, sannan ya dubi tsabar idona ya ce ya faɗa.

Gonar da nake aiki tana bayan unguwar Badi'a a birnin Riyad, inda titi ke gangarawa kwari. Tsohuwar gona ce ta gado, ta girmi duk unguwannin da suka kewaye ta. Kakan kakan mai ita ne ya haƙa rijiyar da ke tsakiya, kuma har yanzu gidan ƙasar da ya gina yana nan, bene mai ƙananan tagogi da ƙofar katako mai zane. Gari ne ya taso ya same ta. In ka tsaya a kan soron, dogayen gidaje za ka gani ta kowane ɓangare, a ƙasanka kuma dabino ne kore shar, sai ka ce an manta da wurin ne.

Ni mutumin ƙasar Dutse ne, cikin dabino na buɗe ido. Boko a firamare na tsaya. Da na zo Riyad bulo na fara ɗauka, har wani ɗan Maraɗi mai gadi ya ji ana neman mai hawa dabino ya kai ni wurin tsohon da ke da gonar. Tsohon bai tambaye ni komai ba. Ya nuna min bishiya da sandarsa, na cire takalmi na hau. Da na sauko ya ce a mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannunsa. Shi ke nan ya zama kafilina, ubangidan da ke riƙe da zamana a ƙasar, na yi shekara ashirin da wani abu a ƙarƙashinsa.

Ba zan ce waliyyi ba ne. Yana da rowar ruwan sanyi, yana da faɗa, in ya fara masifa har tsuntsaye tashi suke. Amma shi da kansa yake tafiyar da gonarsa. Ya san wace bishiya ubansa ya dasa, wacce kakarsa ta fi so, wacce ba ta yin 'ya'ya sai ta ga dama. Kuma yana riƙe da wata al'ada ta mutanen da: a cikin gonar akwai bishiyoyin da ba na gidan ba. Wannan ta limamin masallaci ce, waccan ta wata gwauruwa ce a maƙwabta, uku na can gefen katanga na buɗa-bakin azumi ne. Ƙasar ta gidan ce, amma duk abin da bishiyar ta haifa na wanda aka ba ne. Ba a rubutawa. Mai gona ne zai dafa bishiya ya faɗa da bakinsa a gaban wanda ke wurin, magana ta zauna.

Shi wannan ƙanin matata ni na kawo shi. Ya gama sakandare yana zaune a gida yana kallon ƙwallo, yayarsa ta dame ni a waya har na roƙi tsohon ya nemo masa biza. Yaro ne mai baki. Kafin ya shekara biyu Larabcinsa ya wuce nawa, ga Turanci. Hawa bishiya ne dai bai taɓa iyawa ba, sai aka ba shi motar kai kaya kasuwar Utaiƙa. Ɗaki ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci. Tsokanata kuwa ba ta ƙare masa.

"Yaya, wai da gaske da wannan ƙafar mai kaushi ka je neman auren yayata?"

"Da ita na je, kuma kana tsaye ba wando kana majina."

"Wallahi an cuce mu. Da na yi wayo a lokacin da na hana."

Haka muke. Ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, labarin ya zo ana tsakiyar yankan dabino. Na nemi tafiya, tsohon ya ce in bari a gama. Ko da an bar ni ma ba zan riski jana'iza ba, amma zan riski zaman makoki, in ga kabarin da ɗanyar ƙasarsa. Ban tafi ba. Na hau bishiya ina yanka ina hawaye, ba mai gani sai tattabaru. Da aka gama yankan, wata safiya tsohon ya kira ni bakin ƙofar gona. Akwai wata bishiya a nan, matsakaiciya, ni na dasa ta da hannuna tun tana 'yar ƙarama, farkon zuwana. Ya dafa ta, bai kalle ni ba, ya ce, "Wannan taka ce muddin kana raye tana raye. Ka yi wa uwarka sadaka." Ya yago ƙyalle daga tsohon jan rawaninsa ya ɗaura mata. Wannan ne ban haƙurinsa, wanda ban taɓa jin ya ba wani ba. 'Ya'yansa a lokacin duk sun koma sababbin unguwanni can arewacin gari. Babu kowa a wurin sai ƙanin matata, yana jingine da motar kaya yana shan shayi. Tsohon ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai ne shaida."

Wanda bai yi zaman ƙasar mutane ba ba zai gane ba. Ɗakin da nake kwana ba nawa ba ne, katifar ma ba tawa ba ce. Iƙamar da ke aljihuna sunan wani ne ke riƙe da ita. Bishiyar nan ce kaɗai abin da zan nuna a faɗin ƙasar nan in ce nawa. Kowace shekara ni ke ɗaura mata furen namiji, ni ke share mata ƙaya, in ta nuna in yanke nonnan in shanya a kan soro. In na cika kwalaye sai in bi masu komawa gida ina roƙo, wannan ya ɗaukar min ɗaya, wancan ɗaya. Matata ta raba. Kashi na farko masallacin unguwarmu ake kai wa da sunan mahaifiyata, da shi ake buɗa baki. 'Ya'yana sun fi sanin ɗanɗanon dabinon nan a kan fuskata. Ƙyallen rawanin kuwa rana ta cinye shi tun da daɗewa, ban damu ba, ai akwai shaida.

Tsohon ya rasu da sanyi. Tun ba a gama karɓar gaisuwa ba rigima ta tashi a gidan. Babban ɗan so yake a sayar wa masu gina gidaje, kowa ya kama rabonsa. 'Yan matan, waɗanda su ma duk sun yi jikoki, suka ce sai dai bayan ransu. Mu ma'aikata muna ji daga bakin direbobi da masu kai shayi. Kullum ka ga baƙuwar mota ta tsaya, wasu sun fito suna auna katanga da ido.

Autan gidan ne ya kawo mafita. Ya yi karatu a wata ƙasa da ake kira Wales, can wajen Ingila, ya daɗe a can. Wata rana ya same mu a gindin rijiya ya zauna a kan bokiti, ya fito da waya yana nuna mana hotuna. Manyan gidajen dutse ne na masu ƙasa na da, ciyawa kamar an zuba fenti, tumaki ko'ina. Ya ce su ma can haka suka yi fama: iyaye sun mutu, jikoki sun watse, rufi yana yoyo, gona ba ta ciyar da kanta. Wasu suka sayar. Wasu kuma suka buɗe ƙofa, baƙi suna zuwa suna biya su ga ɗakin da kaka ya kwana, su sha shayi a inda ake ɗaure dawaki da, su sayi zuma su tafi. Da haka gado ya tsira.

Na ce, "Wato mutum ya biya don ya ga gadon wani?"

Ya yi dariya ya ce, "Sosai ma, ya ammi. Har layi suke yi."

Ammi yake ce min tun yana yaro, wato baffa. Ba ni da abin cewa a kansa. Dabararsa ce ta hana a sayar da gonar, da ita har yau nake da wurin kwana. Ƙanin matata kuwa tun daga ranar ya manne masa. Su yi ta Turanci suna zagaya gona, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Na ji daɗi ma a lokacin, na ce yaro ya sami hanya.

Kafin a fara aiki magada suka yi abin da ya kamata. Suka sanar cewa duk wanda tsohon ya yi wa alkawari ko kyauta da baki ya zo majalisa ranar Juma'a bayan la'asar ya faɗa, za a cika. Liman ya aiko ɗansa. Gwauruwar ta aiko jikanta. Wani ɗan Sudan da ke kula da awaki ya shiga da kansa, muna jiyo muryarsa daga waje yana rantsuwa cewa tsohon ya ba shi akuya uwar garke da 'ya'yanta. Na ce a raina, dubi wannan marar kunya, ko arba'in ba a yi ba.

Ni ban shiga ba. A inda na tashi mutum ba ya zuwa gaban 'ya'yan mamaci ya buɗe baki ya ce ubanku ya ba ni kaza. Ko gaskiya gare ka, sai ka zama kamar mai jiran mutuwar. Wani kake turawa, ya faɗa a madadinka, kai kana gefe kanka a ƙasa. Haka aka nemar min aure, haka aka raba gonar ubana, haka na san ana yi. Ga shi kuma wanda zan tura shi ne shaidar da tsohon ya nuna da sandarsa. Na kira shi bayan ɗaki.

"Ka shiga ka faɗa musu zancen bishiyar bakin ƙofa. Yadda ka gani, kada ka ƙara kada ka rage."

"Haba Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Amma fa ladan baki, kwali guda nawa ne bana."

"Ka ci gidanku. Wuce ka je."

Ya shiga yana dariya. Na zauna a kan tushen wata bishiya ina jan carbi. Da ya fito ya dafa kafaɗata.

"An gama. Na faɗa musu, sun ce ko ganyenta ba mai taɓawa."

Na yi masa addu'a. Har yau in na tuna addu'ar nan sai in ji ɗaci a bakina.

Da lokacin ɗaura fure ya zo aka tura ni wata gonarsu da ke Kharj, wai masu aikin can sun yi kaɗan. Sai da na fara ɗaura wa tawa kafin in tafi. Na yi 'yan makonni a can. Ranar da na dawo direban ya sauke ni a bakin titi, na tsaya ina neman ƙofar gonar da na sani. An rushe ta an yi wata mai faɗi. Daga ciki an shimfiɗa kwalta baƙa wuluk, an ja fararen layuka na ajiye motoci. Na taka har daidai inda bishiyata take, na tsaya a tsakanin layi biyu da jakata a hannu.

Ɗan Maraɗin nan mai gadi, wanda ya fara kawo ni, shi ya zo ya kama hannuna ya ja ni inuwa. Ya ce ba sare ta aka yi ba. Katafila ce ta tono ta da saiwarta, ita da wasu na layin, aka ɗaure musu kai da igiya, aka loda a babbar mota. 'Yan kwangilar da ke dasa dabino a tsakiyar tituna ne suka saya. Bai san inda aka kai su ba. Na tambayi ƙanin matata, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Larabawa ne fa, Yaya. Yau su ce eh, gobe su ce a'a. Sai haƙuri."

Na yarda da shi. Na ɗora laifin a kan autan. In ya gaishe ni in amsa a daƙile, in ya shigo ta nan in bi ta can. Ranakun Juma'a kuma na koma bin tituna kamar mahaukaci. In shiga mota har wajen Unguwar Ofisoshin Jakadanci, in dawo ta wata hanyar, ina leƙen dabinon tsakiyar titi. Tana da wani ɗan karkata a wuya, na ce zan gane ta. Ina! Dubbai ne, duk an ɗaure musu kai iri ɗaya, ƙura ta rufe su, hayaƙin mota yana dukansu. Wasu sun kama, wasu sun bushe a tsaye. Na gaji na bari.

Azumi ya zo, matata ta kira ta ce limamin unguwarmu yana tambaya ko lafiya bana ba a ga saƙo ba. Na je Utaiƙa na sayi dabino na aika. Ta ce yara sun ce ba shi ba ne.

Bayan salla aka buɗe wurin. Baƙi suka fara zuwa, mata da yara da Turawa, ana ba su gahawa a tsohon rumbun dabino, ana hawa da su bene su ga ɗakin tsohon da sandarsa a jingine. Ni kuma aikina ya ƙaru da hawa bishiya ana ɗaukata hoto. Ƙanin matata ya zama mushrif, wato shugaban ma'aikata. Ya sami ofis mai na'urar sanyi, ya koma sa farar jallabiya, ya bar ɗakinmu.

Wata rana da hantsi autan ya tare ni a bakin rijiya, ya ƙi ba ni hanya.

"Ya ammi, me na yi maka? Tun da ka dawo ba ka kallona."

Na so in wuce, bakina ya riga ni. Na ce, "Kun ce ba mai taɓa ta."

"Wa?"

"Bishiyar da ubanka ya ba ni a bakin ƙofa."

Ya zuba min ido. Na ga fuskarsa, na san ba wasa yake ba, yau ya fara jin maganar. Ya rantse da Allah babu wanda ya ambaci wata bishiya tawa a majalisa. Ya ce da an faɗa da an kauce mata, mota ɗaya ce kawai za ta rasa wurin tsayawa. Sannan ya ce abin da ya fi komai ƙona min rai: "Me ya hana ka shigo? Ƙofa a buɗe take. Ɗan Sudan ya shigo ya tafi da awakinsa."

Ya tambaye ni ko na gaya wa wani. Na ce a'a. Ban san dalilin da ya sa na rufa wa ƙanin matata asiri ba a wannan lokacin, fuskar matata ce dai ta faɗo min. Autan ya ce in zaɓi wata bishiyar duk wadda nake so. Bayan kwana biyu ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce yanzu gonar ta zama ta kamfanin iyali, sai kowa ya yarda, kuma babban wansu ya ce an rufe zancen kyauta tun ranar majalisa. Abin da ya iya shi ne kwalin dabino daga shagon baƙi duk shekara, mai ɗaurin zare mai ƙyalli. Na karɓa na yi godiya. Me zan ce?

Na gaya wa matata. Ta yi kuka, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri Malam, yaro ne." Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu.

Na bar maganar ta kwana biyu a cikina don kada in yi abin da za a kore mu duka. Sannan na sami ƙanin matata da rana tsaka a wurin ajiye motocin, yana nuna wa wani lebura inda zai share. Na ce leburan ya ba mu wuri.

"Yaya, lafiya? Wannan fuska kamar an ce yayata ta dawo gidanmu."

"Ka faɗa musu ko ba ka faɗa ba?"

Dariyar ta tsaya. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Bai ma yi musu ba. Ya ce in tsaya in fahimta. Wai tun kafin ranar majalisa an riga an zana inda ƙofa za ta zauna, kuma shi ne ya ba autan shawarar wurin. In ya tashi ya ce akwai bishiyar mijin yayarsa a nan, sai a ce da ma shiri muka yi. Wai babban wan dalili kawai yake nema ya ce ma'aikata sun fara rabon gonar tun yanzu, a sayar a huta. Wai ya duba ya ga bishiya ɗaya ba ta kai a rasa abincin mutum goma sha ba. Wai ya yi niyyar gaya min daga baya.

"To da ka fito," na ce, "me ya hana ka ce min ba ka iya ba? Ina zaune a waje. Taku nawa ne daga nan zuwa ƙofar?"

"Na san halinka, Yaya. Da ka shiga ka ɓata komai."

"Kai ka sa aka tura ni Kharj?"

Ya dubi ƙasa.

Sai na matsa kusa da shi, yadda ba sai na ɗaga murya ba, na ce masa:

"Ka saurare ni da kyau, don ba zan sake ba. Ban faɗi sunanka ba, kuma ba zan faɗa ba. Ka ci kujerarka, ka sha sanyinka, albarkacin yayarka da 'ya'yanta ne. Amma ban yafe ba. Abincin mutum goma sha da kake faɗa, naka ne a gaba, ka sani na sani. Sadakar uwata ka ɗauka ka sayi wannan jallabiyar. Tsoho ya nuna ka ya ce kai ne shaida, za ka je ka same shi, ka yi masa wannan bayanin da ka yi min, ka ga ko zai karɓa. Daga yau ba ni ba aikenka, ko ruwa ne. Kuma ni na san a garin nan zan mutu. Ranar da aka sauko da ni daga kan bishiya, kai za a nema, don kai ne dangina a nan. To kada ka zo. Kada ka wanke ni, kada ka tsaya a kaina ka yi wa mutane magana da sunana, kada ka zama kai ne za ka kira gida. Na riga na gaya wa mai gadi, shi zai yi. Yanzu kira leburanka ya ci gaba da shara."